Ranar da Na Bi 'Yar Fari Kan Dutse

Tun da na haifi 'yata ta fari ban taɓa kiran sunanta ba. Dalilina biyu ne, kuma ko ɗaya ya isa. Na farko, 'yar fari ce, a gidanmu kuwa uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta ma cika kallonsa ido da ido ba. Na biyu, sunan uwar mijina aka sa mata. Saboda haka "ke" nake ce mata, in kuma da wani nake magana sai in ce "yarinyar nan".

Ban ɗauki wannan a matsayin laifi ba, har gobe ma ba zan ɗauka ba. Haka uwata ta yi da yayarmu, kuma babu abin da ya ragu a jikin yayarmu. Sai dai ita a Kano ta tashi, a gidan da akwai kaka, akwai gwaggo, akwai innoni. In ta yi abin kirki, kafin uwarmu ta gama kau da kai har an ɗaga ta sama ana yi mata kirari. Tawa kuwa a Alexandria ta ƙasar Amurka ta tashi, can saman wani dogon bene, inda in ka haɗu da maƙwabci a lifta gaisuwarsa ba ta wuce ɗaga gira. In na kau da kai daga kanta, babu wanda ya rage a ɗakin.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne ni ce mai guɗar matan Hausawan wannan yanki. Ranakun aiki nas ce ni a asibiti, ina lallaɓa murya kada in tashi marasa lafiya. Ran Asabar kuwa, in ana biki ko suna a ɗakunan taron Hyattsville, ni ake jira. In amarya ta shigo sai a waiwayo a ce, "Ina take? A sake ta!" Ni kuma in kama hanci in rangaɗa har sai masu gadi sun leƙo. Ba yabon kai ba, murya dai Allah ya ba ni.

Wata rana muna dawowa daga irin wannan biki, yarinyar nan tana gefena a mota. Can sai ta yi magana da Turanci, don ita Hausa tana ji sarai, amsawa ce sai ta ga dama.

"Mama, 'yar kowa kina yi mata wannan ihun."

Na ce, "Ba ihu ba ne, guɗa ce. Gyara zama, kin danne mini mayafi."

Ta gyara zama. Maganarta kuwa ta zauna mini a ƙirji.

Ita wasanta zamiya ce a kan dusar ƙanƙara. A makaranta ta tsince shi, ubanta kuma ya ɗaure mata gindi. Duk hunturu, ran Asabar, bas take kwasarsu zuwa ƙauyukan da ke kan duwatsun yamma da mu, su hau can ƙololuwa, su ɗaura dogayen katako biyu a ƙafa, su riƙe sanduna, su sulalo. Ni da na sha ganin karyayyun ƙafafu a wurin aiki, ban taɓa gane abin da zai sa mutum da hankalinsa ya yi wa kansa haka ba. Na faɗa, ba a ji ni ba, na yi shiru. Ubanta ne mai bin su kallo duk ranar gasa. Nawa aikin shi ne in dama mata kunu tun da asuba, in shanya mata safa, in bi ta da addu'a har motar ta ɓace. Lambobin yabon da ta ciwo suna cikin durowarta, kuma in babu kowa a gida nakan fito da su in goge.

A shekararta ta ƙarshe a sakandare, ana saura 'yan kwanaki gasar rufe kakar wasa, aka bugo daga gida cewa Hajiya, uwar maigidan, ba ta da lafiya. Ya tattara ya tafi Kano. Muna cin abinci da yamma sai ƙanwarta ta tambaye ta wa zai tsaya mata, tunda al'adarsu ce a gasar ƙarshe iyayen masu gama makaranta su tsaya a gindin dutse su tarbi 'ya'yansu.

Ta ce, "Babu komai. Koci ta ce za ta tsaya mini."

Ko kallona ba ta yi ba. Ba fushi take yi ba, da fushin ne ma da ya fi mini sauƙi. Kawai bai zo mata a rai ba cewa akwai abin tambaya a wurina. Na dubi tuwon da ke gabana na ji ya fita daga raina. Kaka mai zuwa za ta tafi jami'a a wata jiha mai nisa, kuma na tabbata da wannan tunanin za ta tafi, cewa ubanta ne mai sonta, uwarta kuwa mai dama kunu ce. Raina ya ɓaci ƙwarai, da ita, da kaina, da ƙasar gaba ɗaya. Kafin in kwashe kwanuka na riga na yanke cewa ko ana ha maza ha mata sai na je dutsen nan.

Ban gaya mata ba. Da wane baki zan ce mata ina so in zo in kalle ki? Maigidan na buga wa na tambaye shi sunan ƙauyen. Ya fashe da dariya ya ce, "Ke? Ke da ko babbar hanyar da ta zagaye birni ba kya son hawa?" Na ce in zai faɗa ya faɗa, in ba zai faɗa ba in kashe wayata. Ya faɗa yana dariya. Na musanya diyuti da wata abokiyar aiki, na kai ƙannen gidan wata 'yar'uwa, sannan na nemi abokiyar tafiya.

Wadda na nema wata aminiyata ce da nake kira Yaya, don ta girme ni. 'Yar Maraɗi ce, tana aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo a cikin Washington. In ka ji ta tana karanta labarai sai ka rantse ba ta taɓa tsoron komai ba a duniya. Da na gaya mata sai ta ce, "Bon, ashe kina da zuciya. Dakor, na yarda, mu tahi."

Ranar Asabar na dama kunun kamar kullum, yarinyar ta ɗauki jakarta ta fita. Tana fita na shiga suya. Yaya ta iso a makare, cikin leshi mai walƙiya da takalmi mai tsini, ta kafa ɗauri ya tashi sama.

Na ce, "Yaya, dutse fa za mu hau."

Ta ce, "Ba taron ɗiyarki ba ne? Mi kike so in sa, kayan barci?"

Ban da bakin yi mata faɗa, don ni ma sabuwar atamfata na ɗaura a kan wandon sanyi, na ɗora jaket da mayafi. Na dai tilasta mata ta cire tsinin ta sa tsohon takalmina na aiki. Muka cika kula da waina da miya da soyayyen nama, muka cika filas da kunun gyaɗa, don ba a zuwa wa mutum hannu rabbana. Muka yi bisimilla muka kama hanya.

Da farko tafiyar lafiya lau. Rana ta fito tar, irin ranar nan ta hunturun ƙasar nan mai haske babu zafi, wadda har yau takan yaudare ni in fita babu safar hannu. Benaye suka ƙare, gonaki suka fara, fari fat, da dawakai sanye da barguna. Yaya tana ta ba ni labarin wani bikin da aka yi rigima, ni kuwa na ƙanƙame sitiyari ina cewa "uhm". Manyan motoci suna wuce mu suna watsa mana ruwan gishiri a gilashi, wasu har da hon, don tafiyar hawainiya nake yi. Na ce su yi ta yi, ba tare muka fito ba.

Da muka bar babbar hanya muka fara hawa, sai hira ta mutu. Hanyar ta tsuke, ta shiga lanƙwasa, dama dutse, hagu rami. Ƙanƙarar da aka ture gefe ta taru ta kai tsayin tagar mota. Kunnuwana suka toshe. A wata kwana na taka birki da ƙarfi, abin da maigidan ya sha gaya mini kada in yi, sai bayan motar ya goce, muka tafi a karkace har muka daki tulin ƙanƙarar gefe muka tsaya. Murfin kula ya buɗe, ƙamshin miya ya cika motar. Yaya mai karanta labarai ta riƙe ƙofa da hannu biyu tana salati babu ƙaƙƙautawa.

Da ta samu numfashi ta ce, "Ke, mu koma. Wanga ba hanyar mutane ba ce. Ki yi mata kado, kyauta mai kyau, in ta dawo, ki saya mata salula sabuwa, ya isa."

Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba. Na ce, "Yaya, in kina so ki sauka ki jira ni a nan, bisimilla. Ni dai gaba na nufa."

Ta dubi dajin da ke waje, ta dube ni, ta ja ɗamarar kujera ta ƙara tsukewa. Na ja da baya a hankali, na daidaita kan motar, muka ci gaba. Daga nan ban ƙara taka birki da fushi ba.

Ƙauyen da maigidan ya faɗa mini muka isa da hantsi. Gidajen katako ne masu rufi mai tsini, hayaƙi yana fita ta samansu, da shagunan hayar kayan zamiya da na shayi a jere. Mutane suna ta kai da kawo cikin wasu ƙattin takalma, suna tafiya kamar an yi musu dabaibayi. Can sama kujeru ne rataye a jikin waya suna ɗaukar mutane zuwa ƙololuwa, ƙafafunsu suna reto a iska. Wurin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Amma na zagaya filin fakin ban ga bas ɗin makaranta ko ɗaya ba, gabana ya faɗi.

Na shiga wani shagon shayi na tambayi dattijuwar da ke sayarwa. Ta ce ai a nan suke atisaye, amma gasar rufe kaka a ɗaya ƙauyen ake yi, bayan dutsen, kuma tun ɗazu aka fara. Na ciro waya in nemi hanya, babu sabis ko ɗigo. Da maigidan yana kusa a lokacin da ya ji abin da bai taɓa ji ba daga bakina.

Matar ta ga yadda fuskata ta koma, sai ta fito har bakin ƙofa tana nuna mini da hannu. In koma yadda na zo, in na wuce wani farin coci in yi dama, in yi ta tafiya har in ga wani jan rumbu, sannan in yi hagu daidai inda gidan mai yake a da.

Na ce, "A da?"

Ta ce eh, an rushe shi, amma zan gane wurin.

Da na maimaita wa Yaya a mota sai ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Wallahi wagga mata mutuniyar garinmu ce. Saura ta ce mu tambayi mai shayi a gindin iccen bedi." Ni ban yi dariya ba sai daga baya. Cocin mun gan shi, rumbun ma mun gan shi. Inda gidan mai yake a da ne muka wuce, muka faɗa wani ɗan ƙaramin ƙauye da babu komai sai gidajen haya a rufe da wani kare da ya bi mu da haushi. Na juya a ƙofar gidan wani, na dawo ina duba gefen hanya, har na hango wani fili shafaffe da guntun ƙarfe a tsaye. Na ce ko ba shi ba ne, shi ne. Na yi hagu.

Shi ne kuwa. Tun daga nesa na hango basa-basai masu ruwan ɗorawa a jere. Sai dai filin fakin na sama ya cika, aka tura mu na ƙasa, can gindin gari. Na bar kula a mota, na rungumi filas, muka fara hawa da ƙafa.

Wannan hawan ba zan manta da shi ba. Titin garin ya ƙare, muka shiga ƙanƙara tsantsa. In na taka nan ƙafa ta nutse har ƙauri, in na taka can ta zame. Bakin zanina ya jiƙe, sannan ya daskare ya yi tauri yana dukan ƙafata. Iska tana yankar fuska, hancina na zuba, ba ni da hannun sharewa. Na faɗi a kan gwiwa, na tashi, na sake faɗuwa, amma filas bai taɓa ƙasa ba. Yara ƙanana suna wuce mu a guje a kan katakonsu suna waiwayen ɗaurin Yaya. Ita kuwa tana bayana tana haki tana cewa, "Allah ya isa tsakanina da ke," tana kuma tura ni ta baya duk inda na tsaya.

Muka isa wani shinge na raga inda iyaye suka taru. Kowa da ƙararrawa a hannu, irin wadda ake rataya wa shanu a wuya. Daga can sama aka kakkafa sanduna ja da shuɗi har ƙasa, yara suna saukowa ɗaya bayan ɗaya suna ratsa tsakaninsu. Da an saki yaro sai a faɗi sunansa a lasifika, iyayensa su hau kaɗa ƙararrawa suna kwarara sunan, babu kunya babu komai. Wani ƙaton mutum mai gemu har tsalle yake yi. Na tambayi matar da ke kusa da ni ko 'yan mata sun gama. Ta ce saura 'yan ajin ƙarshe, su ake bari a baya. Na ce alhamdu lillahi a fili. Ta tambaye ni wacce ce tawa, na ce za ta gani.

Duk kamarsu ɗaya daga nesa, hular kwano da ƙaton tabarau da lamba a ƙirji. Yaya ta ce, "Ta yaya za ki gane ta cikin waɗanga?" Su yaran nan sun ɗauka ba ma kallonsu, alhali ta gefen ido muke kallo, kuma babu abin da yake wuce mu. Wata ta fito bakin layi can sama, ta girgiza hannun dama kafin ta kama sanda, yadda take yi tun tana rarrafe in za ta ɗauki abu. Kafin lasifika ta yi magana na riga na matsa jikin raga.

Ta taho. Ban san haka take ba. Na sha goge lambobin, amma ban taɓa ganin yadda ake ciwo su ba. Tana kwantawa dama tana kwantawa hagu, ƙanƙara na tashi a bayanta, sandunan suna faɗuwa suna tashi in ta wuce. Tsoro da alfahari suka haɗu suka kama ni. Kocinsu, wata doguwar mata, tana gefe tana kaɗa ƙararrawa ita kaɗai, sauran iyaye suna ɗan tafi na ladabi.

Ta kusa ƙasa, inda har ina iya ganin bakin hijabinta a ƙarƙashin hular, sai ƙafa ɗaya ta kama sanda. Ta wuntsila, ta gangaro a kan gefenta, ta wuce sandar da ya kamata ta zagaya, ta tsaya. Wurin ya yi tsit. Idona na nas ya riga na uwa aiki, na ga ta motsa ƙafafu duka biyu, na ga ta zauna, na san babu karaya. Matar da ke kusa da ni ta ce a hankali, in tana so a lissafa da ita sai ta tako sama ta zagayo sandar, in ba haka ba ta fita ta gefe, an gama.

Yarinyar ta miƙe. Ta dubi sandar can samanta, ta dubi taron iyayen, sannan ta sunkuyar da kai ta juya katakonta wajen gefe. Na san wannan sunkuyon. Shi ta yi a kan tuwo ranar da ta ce koci za ta tsaya mata.

Na damƙi hannun Yaya na ce, "Yaya, kira ta. Kira sunanta."

Ta zare hannunta ta ce, "Ni ban haihe ta ba."

"Don Allah, Yaya."

"Ba ni yi. Mi ya kawo ki?"

Na buɗe baki, sunan ya zo har maƙogwaro ya tsaya. Ba zai fita ba, ko yanka ni za a yi. Sai na dangwara wa Yaya filas, na cire safar hannu da haƙori, na kama hanci da yatsun da ba na ma jin su, na ja iskar nan mai sanyi har ƙasan ciki, na rangaɗa.

Ban taɓa yin irinta ba, ko a bikin 'yar wa. A ɗakin taro rufi yakan tare ta, a nan kuwa babu abin tarewa. Ta hau dutsen, ta daki na gaba, ta dawo mana. Ƙaton mai gemu ya saki ƙararrawarsa ta faɗi. Duk wanda ke wurin ya waiwayo ya ga mata biyu cikin atamfa da leshi, ɗaya ta riƙe hanci. Ban damu ba, na ja numfashi na ƙara.

Yarinyar ta tsaya cak. Ta ɗaga tabaran zuwa goshi tana dube-dube, har idonta ya sauka a kaina. Wannan karon ban kau da kai ba. Muka kalli juna na ɗan lokaci, sannan ta mayar da tabaran, ta juya gefe, ta fara takawa sama, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, tana dogara sanduna. Sai ƙararrawa suka ɓarke ta ko'ina, har da masu kiran sunanta, ni kuwa ina ta aikina. Ta zagayo sandar, ta sauko, ta tsallake layi. Ita ce ta ƙarshe a cikinsu.

Ba ta tsaya wurin koci ba, kai tsaye ta zo jikin raga tana haki, kumatunta a jiƙe. Ta ce da Hausarta mai tsami, "Mama, auren wa ake yi?"

Na ce, "Ke, rufe mini baki. Karɓi kunu ki sha tun da zafi."

Ta ƙi karɓa, ta rungume ni ta saman raga, hular kwanon ta buge ni a haɓa. Ban san inda zan sa hannuwana ba, sai na kama kakkaɓe mata ƙanƙarar da ke bayanta. Na daɗe ina kakkaɓewa bayan ta ƙare.

Da aka tashi muka gangara wurin mota, muka buɗe kula a but ɗin motar. Wainar ta huce, miyar rabi ta zube, amma 'yan ƙungiyarsu da iyayensu suka zagaye mu suka cinye tas, mai gemun nan har da neman ƙari. Yaya ta ware tana ba su labarin hanya da Turancinta mai Faransanci, a labarin kuwa ita ce mai ba ni ƙarfin gwiwa. Ni muryata ta dishe, na samu dalilin yin shiru.

Yarinyar ta ja mu cikin wani shagon shayi inda ake samun intanet, muka yi sallah a lungu, sannan ta buga wa ubanta ta bidiyo. A Kano an yi isha'i, yana zaune a ɗakin Hajiya. Ta hau ba shi labari da sauri, Turanci da Hausa a cakuɗe. Sai na ji muryar tsohuwar daga kan gado tana cewa a ba ta takwararta. Na gyara mayafi na matsa gefe yadda ba zan fito a hoton ba, na gaishe ta daga nan, na yi mata ya jiki.

Ta sa aka maimaita mata labarin da Hausa. Da aka zo wurin guɗar sai ta ce, "Wa ya yi? Uwar taki?" Ta nemi a juyo da wayar wajena. Ta rame sosai, amma idon nan nata yana nan. Ta ce, "'Yar fari? A gaban mutane? Ashe Amurka ta cinye miki kunya."

Na sunkuyar da kai, don a wurinta gaskiya ta faɗa. Sai yarinyar ta juyo da wayar wajenta. Ta yi magana a hankali tana zaɓar kalmomi, babu Turanci ko ɗaya a ciki.

"Kaka, ke ba ki zo ba. Gwaggo ba ta zo ba. Mama ce ta zo."

Tsohuwar ta ƙura wa wayar ido. Sannan na ga ta zaro hannu daga cikin bargo, ta kai shi hanci. Guɗar ta fito siririya, ta ɗan hau, ta tsinke a tsakiya, tari ya kama ta. Maigidan ya tallafe ta yana yi mata sannu. Da tarin ya lafa ta dube ni ta cikin wayar, ta ɗaga mini haɓa.

Shagon cike yake da mutane, muryata kuma saura kaɗan. Na ajiye kofin shayin, na kama hanci, na ƙarasa mata.